Ina ruwan rariya ke zuwa? Tarihin garin Arkata da tafkunansa



Babu gidan da ba shi da rariya. Ta nan ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke ke fita. Da ya wuce katanga, mai gida ya ɗauka ya rabu da shi. Amma ruwa bai san iyakar gida ba. Ya bi lungu, ya gamu da na maƙwabta, ya gangara kududdufi, ko ya nutse cikin ƙasa ya iske ruwan rijiya. Zamanin da mata ke jan guga gaba ashirin ko talatin, ruwa na da wuya, abin da ke fita ta rariya kaɗan ne, rana ta shanye shi kafin azahar. Yanzu garuruwa da yawa sun samu shato da pompo, har da masu jan tiyo zuwa tsakar gida. Ruwan da ke shiga ya ƙaru, wanda ke fita ma ya ƙaru. Garin da ya jawo ruwa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya zauna shawarar inda zai zubar da shi.

Shi ya sa a wannan fitowa muka ɗauko tarihin wani ƙaramin gari na ƙasar Amurka, sunansa Arkata. Ƙidayar 2020 ta iske mutanensa ba su cika dubu 19 ba, Tasawa da Madawa duk sun fi shi jama'a. Hukuma ta so ta ɗora masa aikin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Ya ƙi, ya ce shi da tafki da ciyawa da rana zai wanke ruwan dauɗarsa. An yi wajen shekara goma ana jayayya da gwaji kafin maganarsa ta tabbata. Ga yadda aka yi.

ANNOBA CE TA KOYA WA TURAWA

Kada wani ya ɗauka da tsabtar ruwa aka haifi Turawa. A 1854 kwalara, wato zawo da amai, ta faɗa wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Wani lokotoro mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa. Ya iske yawancinsu pompo guda suke sha. Daga baya aka tona, aka ga wata tsohuwar salga dab da rijiyar pompon, tana tsiyaya ciki. A 1858 kuma, da zafi ya tsananta, warin kogin da ya ratsa birnin ya hana ƴan majalisa sakat, sannan suka saki kuɗin gina manyan magudanai ƙarƙashin ƙasa.

Ita kuwa magudana kai ruwa gaba kawai ta iya, na gaba shi ke sha. A 1892 birnin Hambug na ƙasar Jamus ya rasa mutum fiye da dubu 8 cikin ƴan makonni, don yana shan kogin da yake zuba ƙazantarsa, ba tare da tacewa ba. Maƙwabcinsa Altona kogin nan guda yake sha, amma yana tace shi da rairayi, cutar ba ta yi masa irin wannan ɓarna ba.

Daga nan masana suka shiga neman yadda za a wanke ruwan kafin a sake shi. A 1914, a birnin Mancesta na Ingila, mutum biyu, Ardern da Lockett, suka nuna cewa in ana hura iska cikin ruwan dauɗa ba fasawa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna yaɗuwa, su cinye dauɗar cikin ƴan awoyi. Manyan birane da yawa na duniya da wannan dabara suke aiki har yau. Sai dai tana cin kuran dare da rana, tana son injuna da kayan gyara da ƙwararru. Ƙaramin gari ba ya jure wannan ɗawainiya. Saboda haka, bayan yaƙin duniya na biyu, ƙananan garuruwan Amurka da dama suka koma ga tafki. A haƙa shi da faɗi, zurfinsa bai kai tsayin mutum ba, a bar ruwa ya yi makonni ciki. Abin da inji ke yi cikin awoyi, rana da iska su yi shi sannu sannu, ba a biya su ba.

ARKATA DA BAKIN RUWANTA

Arkata tana arewacin jihar Kalifoniya, a bakin tekun Fasifik, kimanin kilometir 450 arewa da San Faransisko. Ƙasa ce mai sanyi da hazo da ruwan sama. An kafa garin a 1850. A da arzikinsa katako ne, don dazukan wurin suna da itatuwan da wasunsu sun haura metir 100 tsawo. Akwai kuma jami'a a garin, za ku ga amfaninta nan gaba.

Abin da ke gaban garin wani lungun teku ne da ya shigo cikin ƙasa, mai faɗin ciki da ƙaramin baki, ana kiransa Hambolt. Ta wajen Arkata ba shi da zurfi. Kullum teku ta ciko sau biyu, ta janye sau biyu, ta bar laka a fili. Abin da aka zuba cikin irin wannan wuri ba ya saurin fita. A cikinsa kuma ake kiwon wata halittar ruwa mai ɓawo biyu kamar makankari, wadda Turawa ke ci ɗanya. Ita da tace ruwa take samun abinci, duk cutar da ke ciki sai ta tara a jikinta. Ke nan dauɗar gari tana iya komawa cikin akushin wani, ta kuma kashe sana'ar masu kiwon.

Da can gefen wannan lungu duk fadama ce. Baƙin da suka zo suka yi ta datse ta da ganuwar ƙasa, suna mai da ita makiyayar shanu da filin masana'antu, har kusan kashi tara cikin goma na fadamar ya tafi. Bakin ruwan Arkata ya zama wurin injunan yankan katako. Aka ƙara masa da jujin sharar yankin. Da kasuwar katako ta ja baya, masana'antun wurin suka tashi, jujin ma aka rufe shi a 1973. Wurin ya zama kufai, mutanen gari suka ba shi baya.

Ruwan dauɗa fa? Cikin shekarun 1940 garin ya gina ma'aikatarsa ta farko. Aikinta kawai ta bar dauɗa mai nauyi ta kwanta, ta saki saura cikin lungun. A 1957 aka ƙara manyan tafkuna masu faɗin hekta wajen 20. Daga baya aka soma zuba kulor, maganin nan da ke cikin ruwan jabel, don kashe ƙwayoyin cuta. Haka ake tafiya har doka ta sauya.

DOKA TA ZO DA TSADA

A 1972 majalisar Amurka ta kafa babbar doka ta tsabtace koguna da tafkuna da gaɓar teku. A 1974 jihar Kalifoniya ta ƙara tata. Ta ce ba a yarda a zuba ruwan dauɗa cikin rufaffen lungun teku ba, ko da an tace shi, sai in mai zubawa ya nuna cewa ruwan nasa yana ƙara wa wurin alheri. Ku riƙe wannan sharaɗi, don ta wannan ƙofa Arkata ta fita.

Hukumomin yankin suka haɗu suka zana shiri. Za a gina wata babbar ma'aikata guda. Garuruwan da ke kewaye da lungun su aika mata ruwansu ta manyan tiyo, wani tiyon ma ta ƙarƙashin ruwa zai bi. In an tace, a zuba can cikin babbar teku. Da farko an ƙiyasta dala miliyan 25. Kafin a kafa harsashi lissafi ya haura miliyan 50. Gwamnatin ƙasa da ta jiha za su ɗauki kaso mafi girma na gini, amma kuɗin kuran da na gyara na kowace shekara a wuyan masu gidaje zai faɗa. Wanda aka ba kyautar doki, shi ke neman harawa.

Mutanen Arkata suka yi gardama bisa dalili uku. Na ɗaya tsada. Na biyu, ƙasarsu ƙasar girgiza ce, in tiyon ƙarƙashin ruwa ya fashe, ɗanyar ƙazanta ce za ta cika lungun da ake cewa ana karewa. Na uku, duk inda babban tiyo ya ratsa gonaki, masu gine-gine suna biye da shi, makiyaya ta zama unguwa.

To, ƙin shirin wani ba ya isa, sai ka kawo naka. A nan jami'a ta yi rana. Tun 1969 wani malaminta, George Allen, masanin kifi, ya soma wani gwaji a gefen tafkunan garin. Yana gauraya ruwan tafki da na teku, yana renon ƴaƴan wani kifi mai daraja da suke kira salmon. Takin da ke cikin ruwan ya yawaita ƙananan ƙwarin ruwa, kifi ya ci ya girma. Abin da ake kira dauɗa, ashe taki ne da ya ɓata hanya. Manomin da ke kai shara da kashin awaki gona ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Wani malamin, Robert Gearheart, injiniya ne. Suka haɗa kai da Frank Klopp, mai kula da ayyukan gari, da Dan Hauser, ɗan majalisar gari wanda ya zama magajin gari. Shawarar da suka kai gaban hukuma ita ce a mai da kufan nan na bakin ruwa fadama. Ruwan da ya fito daga tafkuna ya bi ta cikinta, ciyawa ta ƙarasa wanke shi, tsuntsaye su samu masauki. Suka ce ga alherin da doka ke nema.

Da farko hukumar ruwa ta yankin ta ƙi. Suka ɗaukaka magana. A 1979 hukumar jiha ta yarda su gwada a gani. Aka haƙa fangali 12, kowane faɗinsa metir 6, tsawonsa metir 60. Aka shuka ciyayin ruwa, aka bambanta zurfin ruwa da saurin tafiyarsa daga wannan fangali zuwa wancan. Wajen shekara uku malamai da ɗalibai suna ɗiban ruwa a mashiga da mafita, suna aunawa, suna rubutawa. Awon ya nuna fadama tana cika sharaɗin hukuma. Ana cikin haka, shirin babbar ma'aikata ya wargaje, kowane gari ya kama nasa. A 1981 aka buɗe fadamun farko ga jama'a. A 1983 jiha ta sa hannu. A 1986 aka gama haɗa tafkuna da fadamu suka zama hanya guda. Abin da aka kashe bai kai dala miliyan 10 ba. A 1987 gidauniyar Ford da jami'ar Habad suka ba garin lambar yabo da dala dubu 100, aka sa su cikin ginin ɗakin da ake yi wa baƙi bayani.

Ku lura da abin da ya ci nasara. Da baki kaɗai suka je, da an kore su. Awo na shekara uku, rubutacce, shi ya ɗaure hukuma.

HANYAR DA RUWAN KE BI

An shirya ma'aikatar ta karɓi litir miliyan 8 da ɗoriya kowace rana da rani. In da tono mai litir 200 za a ɗebe shi, sai an cika fiye da dubu 40. Ga zangunan da aka tsara masa a 1986.

Zango na ɗaya, raga ce ta ƙarfe. Ita ke tare tsumma da leda da itace. Bayanta akwai wurin da rairayi da tsakuwa ke kwanciya, don kada su cinye injuna.

Zango na biyu, wani ƙaton kwano ne na siminti inda ruwa ke tsayawa. Dauɗa mai nauyi ta kwanta ta zama laka, kamar yadda ruwan gulbi ke kwanciya in ya kwana cikin randa. A janye lakar zuwa rufaffun tankuna, ta ruɓe a can, tana fitar da iskar gaz mai kama wuta. In ta gama, a shanya ta, a gauraya da ɓarɓashin katako da ciyawa, ta zama taki.

Zango na uku, manyan tafkunan nan na 1957. A nan ne babban aiki yake, ko da yake mai wucewa ba zai ga kome ba sai koren ruwa. Ƙananan halittun da ke cin dauɗa suna bukatar iskar numfashi kamar mu. Gansakuka, wadda ita ke sa ruwa ya yi kore, tana karɓar hasken rana ta saki wannan iska cikin ruwa. Su kuma halittun, in sun narkar da dauɗa, abin da suka bari shi ne takin gansakuka. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Ana cikin wannan, hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki kuma yana nutsewa ƙasa saboda nauyinsa. Shi ya sa ba a zurfafa irin wannan tafki, don rana ta ratsa shi, iska ta kaɗa shi.

Zango na huɗu, ƙananan fadamu ne cike maƙil da kacalla da danginta. Ruwan da ya fito tafki yana ɗauke da gansakuka mai yawa, ita ma in ta shiga teku ta ruɓe, dauɗa ce. A cikin duhun ciyawa ba ta samun rana, sai ta mutu ta kwanta. Kara da saiwa suna rage gudun ruwa, suna tare ɗigo-ɗigon dauɗa, jikinsu kuma gida ne ga halittun nan masu cin ta. Ruwa ya shiga kore, ya fito garau.

Zango na biyar, manyan fadamu uku, waɗanda aka sa wa sunan Allen da Gearheart da Hauser. Su akwai buɗaɗɗen ruwa da tsibirai da ciyawa iri iri. Daga nan a sa wa ruwan kulor, a sake cire kulor ɗin don yana kashe kifi, sannan a sake shi cikin lungun teku. Daga rariyar gida zuwa teku, da rani, tafiyar takan fi wata guda.

ABIN DA ƘASA TA SAMU

Wurin da ke kufai yanzu gandun tsuntsaye ne mai faɗin hekta fiye da 120. Arkata tana kan hanyar tsuntsayen da ke tasowa daga arewa mai nisa in sanyi ya kama, su nufi kudu, kamar yadda shamuwa ke da lokacin zuwa da na tafiya a wurinmu. Masu ƙidaya sun rubuta tsuntsu iri fiye da 300 a wurin, agwagin ruwa, da dangin zalɓe da balbela, da shaho, da ƙananan masu tsintar abinci cikin laka. An rufe tsohon juji da ƙasa, ciyawa ta fito, ya zama tudu, mutane suna yi masa ba'a da sunan dutsen shara. An yi turba ta wajen kilometir 8. Dattawa suna shan iska a can, malamai suna kai ƴan lakwal.

Amfanin ya kasu uku. Ruwan da ke shiga lungun teku ya rage dauɗa, abin da kifi da masu kiwon halittar nan mai ɓawo suke bukata. Fadamar da aka cinye a da, wani yanki nata ya dawo, kuma ruwan gari ne ke rayar da ita har da rani. Na uku shi ne wanda ba a aunawa da kwalba. A yawancin garuruwa ma'aikatar ruwan dauɗa a ɓoye take bayan shinge, ba mai son ganinta. A Arkata mutum yana tafiya da ƙafarsa ya ga inda ruwan gidansa ya ƙare. Wanda ya ga agwagwa na iyo a wurin, zai yi nauyin hannu kafin ya tuttula baƙin mai cikin magudana.

TAFKI MA YANA TSUFA

Kada mu ba ku rabin labari. Bayan shekaru, laka ta taru cikin tafkuna ta rage musu ciki. Ciyawa ta mutu bisa ciyawa, ta toshe wasu wurare, ruwa ya sami gajeriyar hanya yana wucewa ba tare da ya kwana yadda ya kamata ba. In an yi ruwan sama mai yawa, tsofaffin tiyo suna shan ruwan ƙasa, ma'aikata ta cika ta batse. An sha samun lokutan da awo ya zarce iyakar doka, garin ya biya tara. Dokar ma ta ƙara tsanani. A farkon shekarun 2020 aka shiga babban gyara, wanda kuɗinsa ya ninka na aikin farko sau da yawa. Cikin gyaran har da maye gurbin kulor da wasu fitilu masu haske mai kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ke cikin hasken rana.

Akwai kuma wata barazana. Ruwan teku yana hawa a duniya duka, ƙasar da ke gefen lungun Hambolt kuma tana nutsewa kaɗan kaɗan. Saboda haka hawan ruwa a can ya fi na sauran gaɓar Kalifoniya sauri. Tafkunan kuwa a bakin ruwa suke, ganuwar ƙasa ce ta raba su da teku. Jikokin waɗanda suka haƙa su ne ke da aikin neman mafita.

Tafki bai cin kuran da yawa, amma yana cin kulawa. Rijiyar da ba a yasa, kowa ya san ƙarshenta.

MI YA SHAFE MU A CIKI

Mu ma muna da tafkin ruwan dauɗa, sai dai ba wanda ya shirya shi. Kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini shi ne. Rana da gansakuka suna yin aikinsu a cikinsa kamar yadda suke yi a Arkata. Bambancin shi ne, namu rami guda ne, sabon ruwa yana gamuwa da tsoho kullum, shara tana ciki, bisashe suna sha, yara suna wanka. Nasu jeri ne, wannan ya miƙa wa wancan, akwai mai aunawa, akwai mai amsa tambaya in ya lalace.

A wani fanni mun fi su sa'a. Halittun nan masu cin dauɗa sun fi aiki cikin zafi, rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Hukumar lafiya ta duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1989, ta ce jerin tafkunan da ke riƙe ruwa kwana 8 zuwa 10 suna iya kawar da ƙwan tsutsar ciki har a kai ga ma'aunin da ta yarda a yi ban-ruwa da shi, wato kada ya wuce ƙwai guda cikin litir. Kayan lambun da ake ci ɗanye suna son ruwan da ya fi haka daɗewa. A ƙasar da kowane ɗigo ke da daraja, ruwan da aka wanke zai rayar da garka ko gandun itace.

A wani fannin kuma kada mu kwaikwaye su ido rufe. Gidajen Arkata duka da tiyo suke haɗe. Mu salga muke da ita, saboda haka tambayarmu ta farko ita ce inda mai kwasar salga ke zubar da abin da ya kwaso. Kacallar da ta yi musu amfani, ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana manoma da masunta sakewa. Ruwa mai ciyawa a ƙasar zafi gidan sauro ne, gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne. Namu tafkin yana son buɗaɗɗen ruwa, da gefe mai tsabta, da shinge. Ƙasarmu rairayi ce, in ba a daɓe gindin tafki da yumɓu ba, sai ya tsiyaye cikin ruwan rijiyoyi. Dole ya zama gangare da gari, nesa da inda ake sha.

Akwai darasi kusa da mu. A 2004 birnin Wagadugu ya buɗe jerin tafkuna a unguwar Kosodo, aka ba masu lambu fili su yi ban-ruwa da abin da ya fito. Amma ruwan masana'antu, har da na jima, yana shiga tare da na gidaje, ɗauke da gishiri mai kama da kanwa wanda tafki ba ya cirewa. Cikin ƴan shekaru ƙasar wasu fangalai ta taurare, amfani ya ragu. Ruwan majema da na marina da na garejin mota, hanyarsa dabam take so.

Dattawa za su yi tambayar tsarki, kuma tambaya ce mai kyau. A 1978 majalisar manyan malaman Saudiya ta duba maganar. Ta ce ruwan ƙazanta yana komawa mai tsarki in an tace shi har najasa ta fita daga launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, bisa shaidar masana amintattu. Mu a nan maganar shayar da itace da gona ake yi, wadda ta fi wannan sauƙi.

Abin da ke kan ma'auni ba ƙarami ba ne. Kwalara ta shigo yammacin Afirka a 1970, ta iso ƙasarmu a 1971, kuma ba ta manta hanya ba. A 2018 ta tashi a yankin Madarunfa. A 2021 ta kama mutum fiye da dubu 5 a Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyarta guda ce tun zamanin John Snow, daga bayan gidan wani zuwa tulun wani.

Abu mafi arha da gari zai iya yi yau shi ne ya ware fili. Arkata ta tsira don tana da kufai a gangaren gari lokacin da ta bukace shi. In an bari aka yanka filaye har bakin kududdufi, ranar da za a nemi wurin tafki sai an rushe gidan wani. Mai gari da dattawa sun san inda ruwa ke gangarawa in an yi sama, sun san rijiyar da ke sauya ɗanɗano da damina, sun san inda yumɓu yake. Ƴan uwa na Yamai da Kano da Abijan sun ga abin da kanibo ke zama in ba mai yasa. Ɗiyanmu da suka yi karatun ruwa da na lafiya suna iya awo. A tambaye su, a rubuta abin da suka ce, a ajiye.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kare mu da annoba.